Farfesa ya ce in rubuto wasiƙar shaidar da kaina, shi sa hannu kawai zai yi

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka riga mu bin wannan hanya su taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai kwana uku ke nan.

Ni 'yar Gusau ce. Kimiyyar sinadarai na karanta a ɗaya daga cikin jami'o'in tarayya na Arewa. Na shiga a 2017, amma da korona, da yajin aikin ASUU na 2020, da na wata takwas ɗin nan na 2022, sai 2023 muka fita. Makina na gama digiri 4.31 ne a cikin 5. Na yi bautar ƙasa a ɗakin gwaje-gwajen wata hukumar ruwa ta jiha. Yanzu ina neman tallafin digiri na biyu a kan gurɓatar muhalli a wurare uku: Commonwealth Shared ta Birtaniya, wani shiri na Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da jami'a ɗaya a Amurka. Biyun farko mutum biyu-biyu suke so su yi min shaida, ta Amurka kuma uku. Wanda zai fara rufewa tsakiyar Disamba ne, wato saura mako biyar.

Ba don fita waje kawai nake neman karatun nan ba. Ina aji biyar na firamare a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ban manta yadda iyayenmu mata suke maganar da muryar ƙasa-ƙasa ba. Shi ya sa da na zo aji huɗu na zaɓi in yi bincikena a kan dalmar da ke cikin ƙasar garejojin makanikai da rumfunan masu gyaran batir. Wuri 24 na ɗebo ƙasa da hannuna.

Ga inda matsalar take. Malamin da ya duba min binciken, wanda ya san wahalar da na sha a kansa, bai zama Dakta ba tukuna. Yana Malesiya yana digirinsa na uku da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Sai na ga kamar wasiƙarsa ba za ta yi nauyi ba, gara in nemi babba. Na shiga mota tun daga Gusau na je makaranta wurin wani Farfesa da ya koyar da mu darasi ɗaya a aji uku, na ci A a wurinsa. Mun kai mu 180 a ajin. Na zauna a bencin ƙofar ofishinsa tun ƙarfe goma har bayan Azahar. Da na shiga na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar da na fita, sai na ga a fuskarsa bai gane ni ba. Bai wulaƙanta ni ba, wallahi, har kujera ya nuna min. Ya saurare ni, ya ce: "Ba komai, 'yata. Je ki rubuto duk abin da kike so a faɗa, ki bugo a takardar sashe mai tambari, ki kawo in sa hannu."

Na yi godiya na fito. Amma tun a mota zuciyata ba ta kwanta ba. Na buɗe kwamfuta sau uku in fara, sai in tsaya a layin farko. Ta yaya zan rubuta "na san wannan ɗaliba sosai" da bakin mutumin da bai tuna fuskata ba? Wannan ba shaidar zur ba ce? Kuma jami'ar Amurkan ma ba takarda suke karɓa daga hannuna ba, imel za su tura wa malamin ya shiga ya ɗora da kansa. Da na tambayi Farfesa adireshinsa, na Yahoo ya ba ni, ya ƙara da cewa ba kasafai yake buɗewa ba.

To, in rubuta in kai masa? Ko in haƙura da shi in nemi malamina na Malesiya, duk da ba Dakta ba ne? Shekara biyu ban ko gaishe shi ba, kunya nake ji a ce sai da buƙata ta taso na tuna da shi. Sannan ana kai wa malami wani abu ne idan zai rubuta maka, ko ɗan goro? Ban san yadda ake yi ba, a gidanmu ni ce ta farko da ta taka jami'a.

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin samu Farfesa ya yarda zai sa hannu kina ta wasu-wasi? Wasu wata guda suke sintiri ba su ga ƙeyarsa ba. Rubuta abinki, kowa haka yake yi, ni ma haka na yi. Maganar imel kuma mai sauƙi ce: abokina sabon adireshi ya buɗe da sunan malamin, saƙon ya zo masa, ya ɗora wasiƙar da malamin ya riga ya sa wa hannu. Tunda malamin ya amince ai ba sata ba ce. Lokaci ba ya jiran ki.

Malamin Aji:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, shekarata goma sha shida ina koyarwa a jami'a, kuma daga Oktoba zuwa Janairu kusan kowane mako sai wani tsohon ɗalibi ya nemi irin wannan wasiƙa a wurina. Bari in gaya miki yadda abin yake daga bayan tebur.

Idan malami ya ce "rubuto ka kawo", yawanci ba raini ba ne. Ba shi da abin da zai faɗa ne, kuma ba ya son ya kore ki. A al'adarmu babba ba ya ce wa yaro "ban san ki ba" a gaban idonsa, musamman yarinyar da ta yi doguwar tafiya ta zo ta durƙusa. Farfesan nan karamci ya yi miki. Amma karamcin ba zai sa ya san ki ba, kuma masu karanta wasiƙun nan sun karanta dubbai, suna gane wadda aka rubuta daga sani da wadda aka rubuta daga kunya.

Malaminki na Malesiya shi ne na ɗaya a jerinki, ba na ƙarshe ba. Da na karanta saƙonki, a wurin da kika ce kin ɗebo ƙasa daga wuri 24 na tsaya. Wa ya ga wannan? Shi. Wa ya san ko hannunki yana rawa idan kina zuba asid, ko kina rubuta abin da na'ura ta nuna ko kina gyara lamba don ta yi kyau? Shi. Masu tantancewa tambaya ɗaya ce a ransu: idan muka ba wannan yarinya benci a ɗakin gwaje-gwajenmu shekara ɗaya ko biyu, za ta iya? Wanda ya tsaya a kanki kina aikin ne kaɗai zai amsa. Matsayinsa na malamin jami'a wanda ya duba bincikenki ya isa. Ki dai karanta sharuɗɗan kowane tallafi da kyau, idan wani ya ce lallai sai mai digiri na uku, sai ki sa shi a cikin sauran wuraren.

Kunyar da kike ji ta shekara biyu, ki ajiye ta. Mu malamai mun san ɗalibi yana dawowa ne idan yana da buƙata, don haka muke nan. Abin da ke ɓata mana rai daban ne: saƙon WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare, babu sallama, babu suna, "Malam na sa sunanka, gobe ake rufewa". Wannan ya faru da ni ba sau ɗaya ba. Ke kuwa kina da mako biyar. Ki rubuta masa yau.

Akwai wani abu da ɗalibanmu ba su sani ba, har da wasu abokan aikina. Yabon da muke ganin ya fi kowane girma a gida, a can ba ya ɗaga mutum. Mun saba rubuta cewa ɗaliba mai ladabi ce, mai biyayya, mai kamun kai, ba a taɓa samun ta da laifi ba. Wannan shaidar neman aure ce. Farfesan da ke zaune a Jamus ko Sikotlan idan ya karanta "mai biyayya ce, ba ta musu", abin da zai fahimta shi ne ba ta da ra'ayin kanta. Abin da yake nema shi ne ranar da kika ce wa malaminki "Malam, wannan sakamakon bai yi daidai ba", kuma ya zamana kin yi gaskiya. Yana kuma son awo: a cikin ɗalibai nawa da malamin ya duba, ke ta nawa ce? "Tana cikin uku mafi ƙwazo daga ɗalibai arba'in da na duba wa bincike" ya fi shafi guda na kirari.

Game da Farfesa, ga abin da nake roƙon ɗalibaina su kawo min maimakon wasiƙa. Shafi ɗaya. Sunanki yadda yake a fasfo, lambarki ta makaranta, darasin da na koyar da ke da shekarar da makin da kika ci. Taken bincikenki da abin da kika gano, a layi huɗu ko biyar. Abin da kika yi tun da kika fita. Wuraren da kike nema, kowanne da ranar rufewarsa da yadda ake miƙa wasiƙar. Ki haɗa da takardar sakamakonki, da CV, da bayanin da kika rubuta na dalilin neman karatun. Da wannan a gabana, cikin awa ɗaya zan rubuta wasiƙa da bakina, wadda zan iya tsayawa a kanta ranar gobe. Ki koma masa da wannan, ki ce: "Allah ya gafarta Malam, na ji nauyin in yabi kaina da bakinka, shi ne na kawo bayanan." Wasu za su karɓa su rubuta. Idan ya dage sai kin zana masa, to ki rubuta abin da shi zai iya rantsuwa a kai kawai: ya koyar da ke darasi kaza, ajin mutum 180 ne, kin ci A, ya duba takardunki. Kada ki sa masa "na san ta sosai". Ki kai masa a filas ɗin kwamfuta ko ki tura yadda zai iya gogewa ya ƙara, ba bugagge ba. Gajeriyar wasiƙa ta gaskiya daga Farfesa, kusa da doguwa daga wanda ya duba bincikenki, haɗi ne mai kyau.

Goro kuwa, a'a. Kada ki kai komai kafin a rubuta, zai sa malamin kirki ya ji kamar sayen shaidarsa ake yi. Aikinmu ne. Idan da kuɗin buga takarda ko na hoto, ki ɗauki nauyinsa. Abin da muke jira wanda ba ya zuwa shi ne labari. Na rubuta wa wani yaro wasiƙa bakwai a shekara biyu, sai a Facebook na ga hotonsa cikin dusar ƙanƙara. Ko an dace ko ba a dace ba, ki dawo ki faɗa musu.

Baƙon Ohayo:

Malam ya gama magana, Allah ya saka. Ni a kan shawarar Abu Sadik zan tsaya, don ina shekara ta huɗu a digiri na uku a nan Amurka, kuma na ga yadda ake tantancewa a sashenmu.

Ɗan'uwa Abu Sadik, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma ka janye wannan. Buɗe imel da sunan malami ka karɓi saƙon da aka aiko masa, a wurinsu jabu ne, ko da malamin ya sa hannu a takardar. A ƙarshen takardar neman gurbi kowa yana amincewa cewa duk abin da ya bayar gaskiya ne, kuma jami'a tana da ikon janye gurbin ko bayan mutum ya iso ya fara karatu. Idan gurbi ya tafi, biza ta bi shi. Sannan ba shi kaɗai zai shafa ba, duk wanda ya biyo baya daga wannan makaranta da idon zargi za a dube shi. Abokinka ya tsira ne kawai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

'Yar Tudun Wada, ga ƙananan abubuwan da suke kayar da mutane.

Imel. Idan malami yana da adireshin jami'a mai ƙarewa da edu.ng, shi za ki sa. Ma'aikata da yawa suna da shi, sun dai manta kalmar sirrinsa ne, sashen kwamfuta na makaranta zai farfaɗo musu. Idan babu sai Yahoo ko Gmail, to wasiƙar ta zo a takarda mai tambarin jami'a, da sa hannu, da lambar wayarsa, kuma a iya ganin sunansa a shafin ma'aikatan sashen idan an bincika. Malaminki na Malesiya ma yana da ƙarin adireshin jami'ar da yake karatu, amma ya rubuta a matsayinsa na malaminki na gida.

Saƙon da jami'a ke tura wa malami na'ura ce ke aikawa, shi ya sa sau da yawa yakan faɗa akwatin tarkacen saƙonni. Da zarar kin danna, ki kira shi ko ki tura masa saƙo: "Malam, yanzu suka aiko, ga sunan da zai fito." Wani malamina sai da na je ofishinsa da wayata na kunna masa intanet, na fita waje na jira, ya ɗora ya kira ni. Wannan babu laifi, shi ya shiga, shi ya ɗora. Kuma ki gaya musu ba wasiƙa kaɗai ba ce, wasu jami'o'in suna da 'yan tambayoyi da malamin zai cike, kamar ko kina cikin kashi biyar ko kashi goma na sama a ajinku.

A takardar Amurka za ki tarar da wata tambaya: kin yafe haƙƙinki na ganin wasiƙar ko ba ki yafe ba? Wata doka ce tasu ta 1974 da ake kira FERPA ta ba ɗalibi damar ganin takardunsa idan ya shiga makarantar. Ki zaɓi kin yafe. Wasiƙar da aka san ɗalibi ba zai gani ba ita aka fi yarda da ita. Da na zo wurin na tsorata, na ɗauka wani haƙƙi babba zan sayar, sai da wani ya yi min bayani.

Kowane tallafi da tsarinsa. Wasu ke za ki ɗora wasiƙar da hannunki, wasu malami ne. Na DAAD na Jamus, idan kin nema nan gaba, suna son tambari da sa hannu da hatimi da kwanan wata na kusa. Don haka ki roƙi kowane malami ya ajiye kwafinsa a kwamfuta, ya riƙa canza sunan makaranta da kwanan wata. Ki tuna masa da canza sunan, don wasiƙar da aka aika wa wata jami'a da sunan wata a sama abin kunya ne, kuma yana faruwa.

Mutum na uku kuma kina da shi ba ki lura ba: shugaban ɗakin gwaje-gwajen da kika yi bautar ƙasa. Shekara guda yana ganin ki kullum.

Abu Sadik:

To, na ji. Ban san abin ya kai haka ba. Na janye maganar imel. 'Yar'uwa ki bi ta Malam.

'Yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar "shaidar neman aure" ta shige ni, don ainihin abin da na fara rubutawa ke nan. Amma har yanzu na kasa fara saƙon malamina. Da me zan buɗe? In fara ba shi haƙurin shirun da na yi, ko in tafi kai tsaye?

Maman Ilham:

Ƙanwata, ni da tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na yi digirina na biyu a Ingila, ina da yara biyu a lokacin, kuma shekara shida da barin makaranta na nemi malamata. Shida, ba biyu ba. Na kwana ina juya saƙon kamar yadda kike yi.

Kada ki cika shi da ban-haƙuri, layi ɗaya ya isa. Ki yi sallama, ki tambayi iyali da karatu da zaman baƙunta. Sai ki tuna masa ke wace ce da abin da ba zai manta ba, ba da lambar makaranta ba. Ni na ce wa tawa, "Ni ce mai cikin nan da ta kare bincikenta a zaune." Nan take ta gane ni. Ke ma akwai wani abu da ya faru tsakaninku a kan ƙasar nan 24, ki nemo shi. Bayan nan ki faɗi abin da kike nema da dalili, da ranakun rufewa.

Sannan ki bar masa ƙofar fita. Ki ce, "Idan Malam yana ganin ya san aikina yadda zai iya yi min shaida mai ƙarfi, kuma lokaci zai ba shi dama." Mutanenmu ba sa cewa a'a, sai dai su ce "to, Allah ya kai mu" su yi shiru. Idan kin ba shi hanyar zamewa cikin mutunci, wanda ya ce eh da gaske yake. Wanda ya yi ta ja miki rai har mako biyu kuwa, amsa ce ya ba ki, ki nemi wani tun da sauran lokaci. Shi ya sa nake cewa a tanadi mutum huɗu idan uku ake so.

Ranar rufewar da za ki gaya musu, ki faɗi ta gaskiya, amma ki roƙi a gama mako guda kafin nan saboda wuta da intanet. Tunatarwa sau biyu ta wadatar: saura kwana goma, da saura kwana uku. Kuma Malesiya tana gabanmu da awa bakwai, kada ki kira bawan Allah bayan Magaribarmu, a can tsakar dare ne.

Wani abu tsakanina da ke a matsayin mace: duk abin da za a yi, a yi shi a ofis da rana ko a rubuce. Yawancin malamanmu iyaye ne. Amma idan wani ya mayar da wasiƙa dalilin kira da dare ko haɗuwa a wani wuri, ki bar masa wasiƙarsa, akwai wasu malaman.

'Yar Tudun Wada:

Na dawo da labari kamar yadda Malam ya ce a riƙa yi.

Anti Maman Ilham, na bi tsarinki. Abin da na tuna masa shi ne wannan. Na'urar AAS ta sashenmu, wadda ake auna yawan dalma da sauran ƙarafa da ita, ta lalace a shekararmu, sai muka kai samfuranmu wani ɗakin gwaje-gwaje a wani gari. Da sakamako ya dawo, sai na ga har kwalbar da ba a sa ƙasa a cikinta ba, wadda ruwa da asid ne kawai don a gwada tsabtar aikin, ta nuna dalma mai yawa. Abokan aikina suka ce in share wannan layin in miƙa, lokaci ya ƙure. Na kasa. Na je na gaya masa, muka bi diddigi, ashe kwalaben da muka yi amfani da su ba a jiƙa su cikin asid an wanke yadda ya kamata ba. Na sake narkar da samfuran 24 daga farko, kwana tara, da kuɗin da na tara na ɗinkin Sallah. Ni a raina wannan abin kunya ne, kuskure ne da ya ja min jinkiri, ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

Na tura saƙon da safe bayan na idar da sallar Asuba. Kafin in gama share tsakar gida ya amso da murya. Ya ce, "Ke ce mai kwalbar nan! Ai har yau ina ba ɗalibai labarinki." Ya ce shi ne abin da zai buɗe wasiƙar da shi. Ya nemi in turo masa kundin binciken gaba ɗaya don nasa kwafin yana gida, ya kuma ce bayanin dalilina ya yi tsawo a farko, in fara da Zamfara kai tsaye. Sai da na zauna a bakin gado na yi kuka.

Shugabata ta wurin bautar ƙasa ma ta amince, ta ce in zo ranar Litinin da shafin nan ɗaya.

Jiya na koma wurin Farfesa da shafin da takardun a cikin fayil, na faɗi abin da Malamin Aji ya koya min kalma bayan kalma. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, shiru, ni kuma ina tsaye. Ya tambaye ni wane gareji ne ya fi dalma, na ce na masu fasa tsofaffin batir, kuma akwai mai sayar da abinci a jikin katangarsa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce in zauna. Mun yi kusan minti ashirin yana tambaya ina amsawa. A ƙarshe ya ce zai rubuta da kansa, amma gajeriya, kuma zai faɗi cewa a aji ya san ni sai kuma wannan zaman. Na ce hakan nake so. Ya kira wani matashin malami ya ce ya raka shi sashen kwamfuta ranar Alhamis a buɗe masa adireshinsa na jami'a.

Yaya Baƙon Ohayo, tambaya ɗaya ta rage. A shafin jami'ar Amurkan akwai wurin da aka ce in rubuta shekara nawa kowane mai shaida ya san ni. Na Farfesa, daga aji uku zan ƙirga, ko in tambaye shi abin da shi zai rubuta don kada maganarmu ta saɓa?

Baƙon Ohayo:

Ki tambaye shi ranar Alhamis ɗin, ki sa abin da ya faɗa. Kuma kafin ki baro makarantar ki tura masa saƙon gwaji a sabon adireshin, ki tsaya har ki ga ya shiga.